Keken Ɗanteku a Gurbin Malmo

Jiya da la'asar ina zaune a kan gada ina kallonku, ku da tif ɗin motarku, kuna tsalle kuna faɗawa ruwa kuna ihu, sai ɗayanku ya ɗago kai ya ce mini, "Baba Isuhu, wai wannan ne aikin da kuka yi har ake ce muku 'yan fito? Ai ko ni na iya." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Iyo kam ka iya, ɗan nan, ban musa ba. Karen gidanmu ma ya iya. Amma fito wani abu ne daban, kuma tunda bakinku ya jawo, ku gyara zama ku ji abin da muka ci abinci da shi kafin a kafa gadar nan da kuke dirowa daga kanta.

Kawuna Ɗanjuma, wan mahaifiyata, shi ya koya mini. Shi ne Sarkin Fito na mashigin garinmu, kuma a wancan zamani, farkon samun 'yancin kai, duk wanda ya taso daga wajen Gozaki zai ci kasuwar Danja da damina, to dole ya biyo ta hannunmu, ko ya koma gida da kayansa. Ba mu da kwalekwale, don kogin namu da rani yaro ma da ƙafa yake tsallake shi, in ban da gurabe masu zurfi. Kayan aikinmu gora ce babba wadda mutum zai rungume ya ɗora ƙirjinsa a kai, da masaki na zuba kaya, da igiyar rama da muke tufkawa da kanmu, da ɗan kaskon man kaɗe. Gorar nan Kawu da hannunsa yake shuka ta a kan juji bayan gida, ba ya bari a tsinke sai ta bushe a jikin uwarta. In an tsinko sai ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya kara kunne. In amon bai yi masa ba, ya ba mata su zuba iri. Wadda ta yi masa kuwa ya toshe bakinta da itace, ya liƙe da kakin zuma.

Ranar da na fara, na zaci gora zai miƙo mini. Ina! Sai ya ce, "Je ka kogi ka kawo mini labarin ruwa." Na ruga na tsoma hannu, na dawo na ce da ɗumi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hannun da ya sha fartanya mi ya sani? Koma." Na koma na shiga har gwiwa, na dawo, ya ce koma. Sai da na shiga har wuya, na tsaya cik har cikina da cinyoyina suka ba ni labari, sannan na nutsa na taka ƙasan da tafin ƙafa. Wani sanyi ya soke ni har tsakiyar kai. Na fito a guje ina haki na ce, "Kawu, ruwan biyu ne! Na sama daban, na ƙasa daban!" Ya ce, "Yauwa. Yau ka fara aiki." Damina guda da rani guda aikina ke nan, ko kaza bai bari na ƙetarar ba.

Abin da na koya a shekarar nan shi ne, kogi ba ya bin zafin gari. Da bazara, lokacin da mutum ke neman inda zai sa kansa don zafi, saman gurbi kamar an dafa shi, amma ƙasa kaɗan da nan akwai ruwan da rana ba ta taɓa gani ba, shi ke kama masu tsalle irinku. Ruwan farkon damina ja ne, mai ɗumi, don ya biyo ta kan gonakin da suka sha rana. Da marka, in aka jera kwanaki rana ba ta leƙo ba, sanyinsa a hankali yake shiga, kana aiki ba ka sani ba, sai ka zo kama igiya ka ga yatsunka sun ƙi. Ruwan kaka kuwa, kai! Da haka yake shekara duka, da har yau ban tsufa ba. Na ɗari shi ne munafuki. Ka zo da sassafe ka tarar yana tururi, ka tsoma hannu ka ji ɗumi, alhali iskar gari ce ta fi shi sanyi. Mutane suna cewa 'yan ruwa ne ke riƙe wa mutum ƙafa su ja shi ƙasa. Kawu ba ya musu da kowa, yakan ce dai Allah ya tsare. Sai mun kaɗaita yake ce mini, "Tun ina saurayi nake cikin ruwan nan, abin da ya taɓa riƙe mini ƙafa sanyi ne."

Mutane kuwa mun ɗauka iri-iri. Akwai wani Alhaji mai sayen auduga, ƙaton gaske, da ya rantse ba zai tuɓe babbar riga a gaban mata ba. Muka ɗora shi a gora da rigarsa. Tana shan ruwa ta yi nauyin jaki, ta kumbura ta bayansa, ya dinga salati yana kiran sunan uwarsa, ni da Kawu muna turawa muna haɗiyar dariya da ruwa tare. Matan Fulani masu nono sun fi kowa sauƙi, su sa ƙwarya a masaki, su rungume gora, su rufe ido, ko tari ba ka ji sai an kai. Jaki kuwa, Allah ya raba ku da ƙetarar da jaki. Abin da ake ba mu bai taka kara ya karya ba, wani kwabo, wani ɗan hatsi, wani ya ce sai kaka ya kawo dami. Amma akwai ƙa'ida guda da kowane ɗan fito ya gada. Kayan da ka sa a masakinka amana ne. In suka nutse a hannunka, ka rataye gorarka a itace bakin mashigi, kai da duk wanda ke aiki a ƙarƙashinka, ba ku sake ɗaukar ko allura sai kayan nan sun fito.

To, ga wanda nake son ku ji labarinsa. Sunansa Ebi, tela ne, mutumin can kudu inda ƙasa ta ƙare a bakin teku. Mu Ɗanteku muke ce masa. Ya zo ƙasar nan tun yana saurayi, ya auri Rifkatu, ɗiyar wasu Kiristoci na wajen Ƙarfi, suka zauna a garinmu. Kekensa na ɗinki irin na hannu ne, baƙi mai zanen ruwan zinari, a cikin akwatin katako da yake ɗaurewa da maɗaurin fata. Kullum yana cikin goge shi yana ɗiga masa mai, har Rifkatu takan ce keken ya fi ta shan mai. Kowace ranar kasuwa sai ya ƙetara da shi Danja ya yi ɗinki a rumfa. Keken a masakin Kawu yake tafiya, amma shi Ɗanteku ba ya taɓa gora. Ya naɗe tufafinsa ya ɗaura a ka, ya shiga ruwa. Jama'a, ban taɓa ganin iyo irin nasa ba har yau! Mu dukan ruwa muke yi, shi zamewa yake yi a ciki. In ya nutsa kuwa sai ka gaji da jira, ka fara salati, sannan ka hango kansa can wani wuri yana yi maka dariya.

In muna shan iska bakin mashigi yakan ba ni labarin ruwan garinsu, mai gishiri, wanda ba a ganin ƙarshensa. Ya ce, "Isuhu, ruwanmu ba ya sanyi. Da tsakiyar damina ne kawai yake ɗan yin sanyi-sanyi, shi ma yara ba sa fasa wanka. Amma lokacin Kirsimeti? Ka kwana a ciki in ka ga dama!" Na ce ai mu lokacin nan ne muke kwana da wuta a ɗaki. Ya ce, "Iska daban, ruwa daban." Ban yi masa musu ba, don da damina kaɗai yake shiga koginmu. Da rani da ƙafa yake ƙetarewa kamar kowa, ruwan wankansa kuwa Rifkatu ke dafa masa.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai, rana tana dukan mutum kamar da gayya. Da safe na kawo labarin ruwa, lafiya lau. Da la'asar 'yan kasuwa suka dawo, muka ga ruwa ya ɗan ƙaru, ga hadari can nesa wajen da kogin ke fitowa, mu kuwa ko ɗigo ba a yi mana ba. Kawu ya sa akwatin keke a masaki ya shiga gaba, ni ina baya da wata tsohuwa a gora. Muna kaiwa tsakiya na ji wani abu ya dake ni a ciki kamar an watsa mini ruwan randa. Ashe ƙanƙara aka zuba can sama, ta narke ta gangaro. Na ji Kawu ya yi ƙara, "Ƙafa! Ƙafata!" Jijiya ta ɗaure masa, ya juya a kan gora, masaki ya karkata ya sha ruwa, akwati ya zame. A kan idonmu ruwa ya ja shi ƙasa da mashigi, ya shige Gurbin Malmo. Ɗanteku ya bi shi nan take, ya nutsa, ya sake nutsawa, amma ruwan ja ne, ga ƙarfi, ko tafin hannunka ba ka gani.

Kawu yana fitowa, ko tufafi bai sa ba, ya ja ƙafa ya je gindin malmon da ke bakin mashigi ya rataye gorarsa. Ya miƙo hannu, na ba shi tawa. Ɗanteku ya riƙe masa hannu ya ce, "Baba, kar ka yi haka. Ƙanƙara ce, ba kai ba ne. Na yafe, wallahi na yafe."

Kawu ya ce, "Kai ka yafe, Tela, Allah ya saka maka. Mashigi bai yafe ba."

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Sauran kwanakin damina muna zaune muna kallon mutane a wancan ƙetare suna ƙwala mana kira, ba dama mu amsa. Suka gaji suka koma wani mashigi can sama, wajen wasu da ko tufkar igiya ba su iya ba. Da kaka masu kawo dami suka manta hanyar gidanmu. Har aka fara raɗe-raɗin in damina ta zagayo gora tana rataye, mai gari zai ba wani sarautar fito. Kawu ya daina zama a majalisa, ya rame, riga ta yi masa yawa. Ɗanteku kuwa ya koma faci da allurar hannu, mutumin da 'yan mata ke layi a rumfarsa. Ƙosan da Rifkatu ke soyawa shi ya riƙe gidan. Duk sanda na wuce na ga gorunan nan biyu suna lilo a itace, sai in ji abinci ya fita raina.

Ba zama muka yi ba. Da kaka mun gwada, amma ruwa na gudu ta cikin gurbin, zurfinsa kuma ya fi ƙarfin kowa, har shi Ɗanteku. Sai da ruwa ya tsaya ya kwanta, sannan muka ɗauko ƙugiyar ciro guga muka dinga lalube. Ran nan na ji ta bugi katako, ƙwas! Na yi ihu har aka ji a gari. Amma akwatin ya maƙale a cikin saiwoyin malmo, ƙugiya ta kama ta zame, ta kama ta zame. Sai mutum ya sauka ya ɓamɓaro shi, kuma duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ke da numfashin kaiwa can. Ga shi kafin nan ɗari ya sauka. Gurbin kuwa itatuwa sun rufe shi, rana sai ta take tsaka take leƙa shi.

Kawu ya ce a bari sai bazara, ruwa ya ja da tsayin mutum. Ɗanteku ya ce, "Kafin bazara tsatsa ta cinye shi, Baba. Abin da za mu ciro ƙarfen banza ne. Kuma ga Kirsimeti ya kusa, yanzu ne ruwa ya fi kyau." Kawu ya ce, "A garinku." Suka rabu kowa na ganin ɗan'uwansa bai san ruwa ba.

Wata safiya ina cikin shan kunu sai ga Rifkatu a guje, ɗankwali a hannu. "Isuhu! Ka kira Kawu, mutumin nan ya tafi gurbi!" Na suri igiya, muka ruga. Muka same shi ya tuɓe, yana tsugune bakin ruwa, gurbin nan yana ta tururi. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Baba, taɓa ka ji! Ba na gaya maka ba? Har hayaƙi yake yi."

Kawu ya ce, "Tela, ka ji tsoron Allah. Bari rana ta take. Ka sha abu mai zafi, ka shafa mai, a ɗaura maka igiya."

"Igiya?" Ya ƙyalƙyale da dariya. "A garinmu akuya ake ɗaura wa igiya."

Kafin Kawu ya sake buɗe baki ya shige. Mun saba in ya nutsa sai mun gaji da jira. Wannan karon ba mu jira ba. Kansa ya ɓullo a tsakiyar gurbi, baki buɗe, ido waje, hannuwa ba sa motsi, ya sake yin ƙasa. Na jefa wa Kawu bakin igiya na faɗa. Wallahi ni da na san ruwan, na kuma shirya masa, sai da numfashina ya ɗauke. Na cafko shi ta wando, Kawu da Rifkatu suka ja mu. Rifkatu ta hura wuta za ta matsar da shi dab da ita, Kawu ya hana, ya ce a lulluɓe shi tukuna, a murza masa ƙirji, wuta daga nesa. Haƙoransa suna karo har muna ji. Da bakinsa ya buɗe, abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, wannan ba ruwa ba ne, wuƙa ce." Yana makyarkyata ya ɗago hannunsa na dama yana kallo. "Amma na taɓa shi. Na taɓa akwatin. Yatsuna ne suka mutu."

Ya taɓa shi! Na dubi Kawu, na ga idonsa ya yi wani haske da rabon da in gani tun damina. Ya tsuguna gaban Ɗanteku ya ce, "To, ji nan. Numfashi naka ne, ba ni da irinsa. Sanyi kuwa nawa ne. In za ka bi abin da na ce, mu gwada."

Daga ranar Kawu ya mai da shi sabon ɗan koyo, tela guda mai mata da 'ya'ya. Kullum bayan azahar, lokacin da rana ke leƙa gurbin, sai mu je. Ya shiga har gwiwa ya fito, gobe har ƙugu, jibi har wuya, ya tsaya cik ya gaya wa Kawu abin da cikinsa ya ji. Ba a jin ɗumin wuta kafin a shiga, don fatar da ta sha wuta ta fi jin sanyi. Wuta sai an fito. Kunu kuwa da citta da barkono, a sha da zafinsa amma kar a cika ciki. Man kaɗe mu laɓta masa a ƙirji da wuya da hamata, har Rifkatu ta ce yau dai ya fi keken shan mai. Kawu ya zaɓo dutse mai nauyi da zai rungume ya kai shi ƙasa da sauri, kar ya ɓata numfashi a hanya. Igiya biyu muka tufka sababbi. Ɗaya da ƙugiya a bakinta, ya maƙala a maɗaurin akwati da tafin hannu, ba sai da yatsu ba, ita Kawu zai riƙe. Ɗaya a ƙugunsa, ita ce tawa. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Kar ka jira ya ja maka igiya. Wanda sanyi ya kama bai san ya kama shi ba. Ka saurara da hannunka. Igiyar mai motsi rawa take yi. In ta yi shiru, ja."

Ranar da muka sa, ban san wa ya baza labari ba, gari duka ya taso. Mata, yara, masu shanu, har Alhajin nan mai auduga ya zo a kan dokinsa. Rifkatu na gefe da tukunyar kunu da bargo, tana addu'a irin tasu, mu muna yin irin tamu. Ɗanteku ya fito yana ƙyalli da mai, ya ɗaga hannuwansa sama ya ce, "Isuhu, zo ka ɗaure akuyarka." Aka kwashe da dariya. Na ɗaura, na ja na ji ta kama. Ya rungumi dutse, ya ja numfashi, ya tafi.

Igiya ta dinga gudu a tafina, ta gudu, ta gudu, ta tsaya. Ya kai. Na ji tana rawa, rawa mai ƙarfi, alamar yana dukan saiwoyi da ƙafa. Ta Kawu ta yi fizga ɗaya. Kawu ya ja, ta miƙe, ya ƙara ƙarfi, sai ta taho masa sakayau. Ƙugiya ta zame! Jama'a suka ce, "Wayyo!" Tawa kuwa tana nan tana rawa, bai haƙura ba. Rawar ta ragu, ta ƙara raguwa, ta koma kamar bugun zuciyar tsuntsu a hannu. Sai ta yi shiru.

Na san in na ja yanzu, keke ya zauna ke nan, gorar Kawu kuma sai dai ta ruɓe a itace. Ban ko gama tunanin ba na ji Kawu ya yar da igiyarsa ya daka mini tsawa, "Ja mutum! Bar keke, ja mutum!" Ya kama bayana muka ja. Nauyi! Nauyin da ya fi na mutum. Na ce ya maƙale a saiwa, shi ke nan mun kashe tela. Alhaji ya diro daga doki da babbar rigarsa ya kama, samari suka kama, muka ja da kabbara. Wani abu ya ɓalle can ƙasa, igiya ta taho. Kansa ya fito, kafaɗa ta fito, sai ga akwati a manne da ƙirjinsa!

Ashe da ƙugiya ta zame, ya ga yatsunsa sun mutu, sai ya cusa hannu a ƙarƙashin maɗaurin fatar nan har gwiwar hannu. Sanyi ya ƙandarar da hannun a lanƙwashe, ko ya so saki ba zai iya ba. Sai da muka yanke maɗaurin da wuƙa muka raba su. Muka kifa shi, Kawu ya danna masa baya, ruwa ya fito ta baki da hanci. Ya yi tari. Kai, ban taɓa jin tari mai daɗin wannan ba! Mata suka ɗauki guɗa, Rifkatu tana kuka tana zaginsa tana lulluɓa masa bargo, Alhaji yana ta rungumar mutane da jiƙaƙƙiyar riga. Ni kuwa na zauna a laka ina dariya.

Da aka buɗe akwati, laka ce cike, har da ɗan tarwaɗa da ya yi gida a ciki. Mutane suka ce Kawu ya je ya sauke gora, kaya sun fito. Ya ce, "Keke aka ba ni mai ɗinki. Sai na ji ya yi ɗinki." Ɗanteku ya kwance shi gunduwa-gunduwa a kan tabarma, ya jiƙa da kananzir, ya dinga gogewa da toka da tsumma. Man nan da Rifkatu ke yi masa gori a kai shi ya ceci keken, tsatsa ta ci sama-sama ba ta shiga ciki ba. Ana saura kaɗan Kirsimeti, muna zaune ƙofar gida da hantsi, sai muka ji daga can gidan tela, kir-kir-kir-kir. Kawu ya miƙe tsaye. Jim kaɗan sai ga Ɗanteku tafe da gorunanmu biyu, ɗaya a kowace kafaɗa, yara na binsa. Shi ya hau itacen da kansa ya sauko da su. Kogi a lokacin ko idon sawu bai kai ba, amma ranar Kawu da gorarsa ya je majalisa.

Bayan 'yan shekaru aka shiga shekarar da ƙasa ta rikice, mutanen kudu suka riƙa tattara kayansu suna komawa gida. Ɗanteku bai so tafiya ba, amma dole ta sa. Ƙarshen damina ne kuma, kogi cike, sai sun ƙetare za su sami hanyar tashar jirgin ƙasa ta Funtua. Na ƙetarar da Rifkatu da yaran ɗaya bayan ɗaya. Saura keke. Kawu ya tsufa lokacin, ya daɗe da bar mini manyan kaya, amma ranar ya tuɓe riga ya jawo masakinsa. Na buɗe baki zan yi magana, Ɗanteku ya girgiza mini kai. Ya dubi masakin, ya dubi ƙafar nan ta Kawu, ya ɗauki akwatin da hannunsa ya sa a ciki.

Sannan ya shiga ruwa har wuya ya tsaya cik. Ya nutsa, ya taka ƙasa, ya fito ya ce, "Baba, yau ruwan biyu ne. Mu yi a hankali." Kawu ya ce, "Haka ne, Tela." Mutumin da ya fi kowa iyo a ƙasar nan ya tako wurina, ya ɗaga hannuwansa sama. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na ɗaura masa, ya bi gefen masakin yana tallafe da shi, shi da Kawu, har suka kai. A can ƙetare ya kwance igiyar, ya naɗe ta da kyau ya sa a masaki, ya ɗauki kekensa a ka. Ba mu sake ganinsa ba, kuma har Kawu ya rasu, duk ranar kasuwa sai ya tambaya ko an ji labarin tela.

To, kun ji fito. Gobe in kun zo da tif ɗinku, kafin kowa ya yi tsalle, kai mai bakin nan ka shiga har wuya, ka taka ƙasa, ka zo ka kawo mini labarin ruwa.